Yatsun Mika'ilu Mai Hawan Dutse

A da, duk wanda ya gaisa da Mika'ilu na Vinikilang, sai ya duba tafin hannunsa bayan sun rabu, ya ga ko da sauran fata. Hannu ne baƙi ƙirin, mai kaushi kamar ɓawon kirya. Kuma ba haka aka haife shi ba, shi ya mai da abinsa haka da gangan.

Sana'a ce ta jawo. A gefen Binuwai akwai wani dutse da ya miƙe tsaye daga cikin ruwa, masunta na ce masa Haƙorin Kada. Kaifinsa ya isa a yi aski da shi. Ƙarƙashinsa kuwa, ko gora uku ka ɗaure ba za ta taɓa ƙasa ba, ga ruwan na juyawa kamar ana dama kunu. In kogi ya cika da damina, sai ya kwashi tarun masunta ya rataye a jikin dutsen. In ruwa ya ja baya, ga taru can sama yana lilo, mai shi yana ƙasa cikin kwalekwale ya yi tagumi. To, a nan ake neman Mika'ilu. Shekara talatin da 'yan kai yana hawa yana kwance wa mutane taru, a sallame shi da kifi. Da wannan kifin ya ciyar da gida, ya sa 'yarsa Zulaihatu a makaranta har ta zama malama a Jimeta.

Kullum da yamma yakan jiƙa bagaruwa ya tsoma hannuwansa a ciki, yadda majema ke yi wa fatar akuya. Wani ya taɓa ba shi shawarar ya riƙa sa safar hannu, ya ja tsaki ya ce, "Kai, rufa mini asiri! Dutsen da zai ɓalle, yatsa ke fara sani kafin ido."

Duk hawan da ya yi, mutum ɗaya ne ke riƙe masa kwalekwale a ƙasa: Apollos, masunci mutumin Numan, amininsa tun suna samari. Naman layya na zuwa gidan Apollos, shinkafar Kirsimeti na zuwa gidan Mika'ilu, kuma ba ranar da za ta wuce ba su zolayi juna ba.

Mika'ilu na da shekara sittin da huɗu Zulaihatu ta biya masa kujerar Makka. Bawan Allah ya yi kuka kamar yaro. Suka je ofishin fasfo, aka ce ya ɗora yatsa a kan gilashin na'ura. Ya ɗora, shiru. Aka canza yatsa, shiru. Goma ɗin nan kaf aka gwada. Ma'aikacin ya juya hannun ya duba, ya girgiza kai.

"Baba, ai zanen yatsunka ya shafe, ko ɗaya babu. Ka huta wa hannun nan wata biyu, kar ka taɓa abu mai kaushi. In ka wuce ranar rufe rajistar maniyyata, sai kuma baɗi."

Baɗi! Wa ya ba tsoho tabbacin baɗi? Zulaihatu ba ta tsaya wata-wata ba. Ta zubar da ruwan bagaruwa, ta kawo man kaɗanya cike da kwano, ta sa wani baduku a kasuwar Jimeta ya ɗinka wa uban safar hannu ta fatar akuya. Safe da yamma ya shafa mai, ya zura safa, ya zauna gindin dalbejiya kamar mai jego. Masunta na wucewa suna tsokana, "Ina kwana, amarya?" Yana jin haushi, amma ya daure. A mako na shida zane ya fara fitowa siriri-siriri. Ya kai wa Apollos ya nuna masa a hasken rana, yana washe baki.

Saura kwana uku a koma ofis, ruwa ya ja, aka wayi gari da taru a rataye a Haƙorin Kada. Na Apollos ne, kuma shi ke nan gare shi. Ya zo ya zauna, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya faɗa.

Mika'ilu ya ce, "Yi mini haƙuri zuwa Alhamis. Ina fitowa daga ofis, wallahi kafin in sha ruwa zan hau."

"Iska na yaga shi," in ji Apollos. Sannan ya ce, "Ba komai. Allah ya kai mu."

Washegari da hantsi sai ga Kezia, matar Apollos, a guje ko ɗankwali babu. Mijinta ya hau dutsen da kansa, ya maƙale a tsakiya, ya kasa gaba ya kasa baya. Mutumin da tunda yake bai taɓa hawa ko katanga ba!

Masunta biyu suka tuƙa Mika'ilu zuwa gindin dutsen. Ya ɗaga kai, ga Apollos can a kan wani ɗan tudu da bai fi faɗin tafin ƙafa ba, ƙirjinsa manne da dutse. Mika'ilu ya miƙe zai kama dutse, sai idonsa ya faɗa kan safar. Ya san aikinsa, ya san ya kamata ta fita. Har ya kai bakin yatsa ɗaya ga haƙoransa zai ja. Sai ya tuna fatar da ke ciki, mai laushi kamar ta jariri, da abin da dutsen nan zai yi mata kafin ya kai sama, da Alhamis. Ya ce a ransa, ai fatar akuya ma tana kama dutse. Ya sauke hannu, ya fara hawa.

Kuma ya hau, kar a rage masa. Ya bi ta gefe ya zagayo ta saman Apollos, ya kafa ƙafa, ya miƙo hannun dama.

"Kama! Kar ka dubi ƙasa, kama!"

Apollos ya saki dutse ya cafki hannun da hannu biyu, ya sakar masa nauyinsa duka. Kusan wata biyu ana ɗura wa safar nan man kaɗanya. Hannun Mika'ilu ya sulɓe daga ciki kamar tarwaɗa. Apollos ya tafi da safar a hannunsa, ƙugunsa ya bugi dutse, sannan ruwa ya haɗiye shi.

An tsamo shi can ƙasa da rai. Amma ƙugu ya farfashe, likita ya ce ƙafar nan ta gama shiga kwalekwale.

Ranar Alhamis na'ura ta karɓi yatsu goma, ba gardama. Zulaihatu ta rangaɗa guɗa a bakin ofis. Mika'ilu kuwa ya zauna a kan matakala ya cusa hannuwa cikin hammata, ya rasa abin da ke masa daɗi. Kowa a Vinikilang cewa yake, "Ai ka yi ƙoƙari, Bappa, ƙaddara ce." Kowane jaje irin wannan sai ya ƙara masa ciwo, don shi ya san abin da ya yi a gindin dutsen.

Ana gobe tafiya ya fita neman gafara gida-gida, yadda maniyyata ke yi. Gidan Apollos ya bari ƙarshe, sai bayan la'asar ya iya shiga. Ya same shi kwance a tabarma, ya rame, an tokare ƙafar da matashi. Kezia na gefe tana tsince shinkafa. Mika'ilu ya durƙusa.

"Apollos, akwai abin da ba wanda ya sani. Na tuna in cire safar nan. Na tuna sarai, ban cire ba."

"Na sani," in ji Apollos, idonsa na kan rufin ɗaki. "Ina sama ai, ina kallonka. Har ka kai baki, ka fasa."

Mika'ilu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya ce, "Ka yafe mini. Gobe zan tashi, ba na so in je ɗakin Allah da wannan a wuyana."

Kezia ta daina tsintar shinkafa. Apollos ya juyo ya dubi Mika'ilu.

"Littafinmu ya ce a yafe, kuma zan yafe, in Allah ya ba ni iko. Amma ba yau ba. Ka ce in jira Alhamis ɗinka, ban iya ba. Yanzu kai ma jira tawa." Ya juya fuska ga bango. "Kezia, raka baƙo bakin ƙofa."

Washegari motar maniyyata ta tashi daga Jimeta zuwa filin jirgi, mata na guɗa, yara na bin ta da gudu. Mika'ilu na kujerar baya, bai ɗaga wa kowa hannu ba.