Fitilar Inna

Sharaɗi ɗaya mijina ya kafa mini ranar da na sami aiki a gidan wasu Indiyawa a unguwar Dokki, cikin birnin Alƙahira. Ya ce, "Ki yi shara, ki yi wanki, ki yi girki. Amma ɗakin gumakansu, ko tsintsiyarki kada ta leƙa." Na harare shi na ce sai ka ce wadda ba ta san alif ba. A farkon shekarun tamanin ne, yana karatun fiƙihu, muna zaune a Madinat Nasr cikin wani ɗan ɗaki da in ka yi miƙa sai ka taɓa bango biyu.

Mutanen gidan uku ne. Maigidan injiniya ne a rijiyoyin mai na cikin teku wajen Suez, sai a yi makonni ba a gan shi ba. Sai matarsa, da nake ce wa Madam. Sai mahaifiyarsa, wata 'yar tsohuwa ƙarama mai farin gashi, wadda na laƙa wa Inna tun ranar farko, ta kuma amsa ba tare da ta tambayi ma'anarsa ba.

A ranar ce kuma ta ɗaure ni da igiyar alheri. Azahar ta yi, na tambaye ta inda zan yi salla. Da na nuna mata alƙibla sai ga wani hoto rataye a bangon, mutum mai kan giwa da ƙaton tumbi. Nan take ta karanci fuskata. Da kanta ta jawo kujera ta hau, ta sauke shi, ta rungume shi a ƙirji ta kai ɗaki. Hoton bai sake komawa bangon ba. Da azumi kuwa ba ta cin abinci a gabana, kuma in ta ƙunsa mini alawarsu ta madara sai ta daki ƙirji ta ce, "Wannan daga tukunya, ba daga can ba," tana nuna ɗakin ibadarta da haɓa.

A falo akwai babban hoton tsohon gidan bauta na garinsu, can kudancin Indiya. Nan muke zama muna tsintar shinkafa, tana ba ni labarinsa da gurgun Larabcinta, ina karɓa da nawa gurgun. Inna ba ta ba da labari a dunƙule. Ta ce ba a shiga wurin da gudu, don haka kullum ƙofa ɗaya za ta wuce da ni. Mun yi kwanaki a hasumiyar ƙofar waje kaɗai, wadda ke hawa bene bisa bene tana tsukewa, kowane hawa cike da siffofi kamar kasuwa ranar cinta. Daga nan ta kai ni inda ake tuɓe takalma, da tafkin da ke da matakalai ta kowane gefe. Mai kan giwar nan, in ji ta, shi ake fara gaidawa kafin kowa, don shi ke kawar da ƙaya daga hanya. Sai zauren ginshiƙan dutse, inda babu ginshiƙi biyu masu sassaƙa iri ɗaya. Sai ɗakin uwargijiyarsu a gefe, da na mai rawa cikin da'irar wuta. Sai wani bijimin dutse a kwance, ya kafe ido a ƙofa ɗaya.

"Kina shiga, rufi yana saukowa, haske yana raguwa," in ji ta. "Waje hayaniya, ciki shiru."

Ni dai ina ji ina istigfari a zuci, amma ba zan ɓoye ba, labarin ya kama ni. Mun kai bakin ƙofar ƙarshe, inda masu gadi biyu na dutse ke tsaye riƙe da kulake, ta ce gobe za ta shigar da ni. Sai kwanakin bikinsu suka zo, labari ya tsaya.

A bikin nan akwai fitilar da ake kunnawa a ɗakin ibadar, ba a bari ta mutu, dare da rana, har a gama. Fitilar tagulla ce mai lagwanin auduga, da man riɗi take ci. Inna ta kunna ta ne da sunan ɗanta da ke tsakiyar teku, kuma a wurinsu in ta mutu kafin lokaci mugun abu ne ga wanda aka kunna dominsa. Na taɓa tambayarta me ya sa ba ta sa kananzir. Ta yi dariya ta ce, "Ke za ki ba uwarki kananzir ta sha? Man nan abincin uwargijiyarmu ne."

Ana tsakiyar bikin, da hantsi, Inna ta zame a banɗaki. Ƙarar da ta yi har yanzu tana kunnena. Da aka zo ɗaukarta zuwa asibiti, a bakin ƙofa ta cafko wuyan hannuna, ta ce, "Mai. Kafin azahar. Mai kawai, 'yata." Madam tana kuka tana neman mayafinta, ba ta ma ji ba. Ban ce to ba, ban ce a'a ba, suka sauka da ita.

Gida ya rage daga ni sai fitila. Na tsaya a bakin ɗakin na leƙa, man ya yi ƙasa. Gaba kura, baya sayaki. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, na sani. Amma da ba ta gaya mini man abinci ba ne, da na ruɗi kaina na ce haske kawai nake ƙarawa. Yanzu kuwa na san in na zuba, gunki na shayar da hannuna.

Na sauka wurin maigadin benen, wani Basa'ide, mutumin kudancin ƙasar, mai ƙaton rawani, na roƙe shi ya hau ya zuba man. Ban rufe baki ba ya ja da baya. "A'uzu billahi! Ma'alish ya binti, ni da tsufana? Khalas, ya isa, kada ki ƙara."

Sai na tuna da Ba'indiyen da ke sayar wa Madam kayan yaji a unguwar Mohandessin. Na ce alhamdu lillahi, ga mai abu. Na faɗa mota, muka cushe a cunkoso, direba yana ta zagin na gabansa, ni kuwa ina ganin man nan yana ƙafewa a idona. Ƙarshe sai na sauka na ƙarasa da ƙafa, zanina yana harɗe ni.

Na same shi yana auna barkono. Na zazzage masa bayani ba ko sallama, na ce yalla, ya zo ya ba uwargijiyarsu mai. Ya ajiye ma'auni ya dube ni, sai a lokacin na lura da tabon salla a goshinsa, ya fi na mijina baƙi.

"Wa alaikumus salam, 'yar'uwa," in ji shi a hankali. "Kakana limami ne."

Kunya ta rufe ni. Ni a sanina, duk Ba'indiye da gunkinsa yake yawo. Bawan Allah bai yi fushi ba. Ya ce ya san wasu masu addinin su Inna a can Ma'adi, ya yi ta juya lambar tarho, layi ya ƙi shiga, kamar yadda ya saba a Alƙahirar wancan zamani. Ya buɗe hannuwa ya ce, "Ma'alish."

Ana kiran azahar na koma. Harshen wutar ya koma kamar ƙwayar gero, yana rawa. Kwalbar man tana nan a bakin ƙofa. Na ɗauke ta, na buɗe murfin, har ƙafata ta ɗaga. Babu mai ganina, mijina ba zai taɓa sani ba. Na tuna tsohuwa a kan kujera tana sauke hotonta saboda sallata, hawaye suka zubo mini. Na mayar da ƙafata, na durƙusa a dokin ƙofa da kwalbar a hannu. Ina kallo wutar ta yi shuɗi, ta ɗaga sau ɗaya, ta mutu. Hayaƙi siriri ya miƙe.

Ban tashi daga wurin ba tarho ya yi ƙara. Madam ce, ta ce za a shiga da Inna tiyata amma ta ƙi sai ta ji muryata.

"Tana ci?" in ji Inna, muryar can ƙasa.

Ƙarya ta zo har bakina. Na ce, "Ta mutu, Inna. Na nemi wanda zai zuba ban samu ba. Ni kuma ba zan iya ba."

Sai ta ce, "Kin yi sallarki?" Na ce tukuna. Ta ce, "Je ki yi." Aka ajiye.

Inna ta warke, ɗanta ma ya dawo daga teku lafiya lau. Ba ta taɓa tayar da maganar ba, alawar madara ba ta daina zuwa ba, bangon alƙibla yana nan fayau. Da yau za a maimaita ranar, abin da na yi shi zan sake yi, kuma zan sake yin kukan.

Bayan ta fara takawa da sanda muka koma tsintar shinkafa a ƙarƙashin hoton. Wata rana na daure na ce, "Inna, mun fa tsaya a wurin masu kulake."

Ta ɗaga kai ta dubi hoton, ta dube ni, babu fushi ko kaɗan a idonta. Ta ture wata 'yar tsakuwa gefen faranti ta ce, "Nan ne iyakarki, 'yata. Ni ce na manta."

Na ƙara shekara biyu a gidan, ba ta sake ba ni labarin ba.