Tamfol ɗin Malam Ko-ta-kwana

A layinsu babu mai kiransa da sunan yanka. Malam Ko-ta-kwana ake ce masa, shi ma amsawa yake da murmushi, don a ganinsa yabo ne. Mai gyaran keke ne, shekara talatin da ɗoriya a rumfa ɗaya, kuma da wuya ka ga mutumin da ke jin ciwon yar da abu kamarsa. Ƙusa ta lanƙwashe, zai miƙe ta. Tsohon tiyub ya koma igiya. Guntayen sabulu ya tara su ya matse, su zama sabulu ɗaya mai launi huɗu. Silifas ɗinsa kuwa, faci ya fi asalin robar yawa. Idan 'ya'yansa suka zo gaisuwa suka ce, "Baba, don Allah bari mu saya maka sabo," sai ya ɗaga ƙafa ya ce, "Wannan ya ce muku ya gaji?"

Matarsa, wadda kowa ke kira Mama, ta san ba rowa ba ce. Yana ɗan shekara tara ambaliya ta ci gidansu, suka yi kwana shida a ajin makaranta. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne mahaifiyarsa durƙushe tana ƙyasta jiƙaƙƙiyar ashana ɗaya bayan ɗaya har kwalin ya ƙare, ƙannensa na kukan yunwa. Sau ɗaya ya ba Mama labarin, farkon aurensu, bai ƙara ba. Ita kuma tun ranar take tausayinsa, ko da yana ba ta haushi.

Haushin kuwa akwati ne. Babban akwatin ƙarfe a bayan ƙofar ɗaki, an ɗora shi a kan bulo huɗu don kada ruwa ya taɓa. A ciki akwai tocila da batir, kyandir, ashana cikin kwalba, maganin zazzaɓi da na ciwon ciki, bandeji, igiya, shinkafa da gishiri a gwangwani, takardun gida cikin leda uku, sai wani shuɗin tamfol sabo fil a ƙasa. Kwaɗo a baki, makulli a aljihunsa. Dokar ɗaya ce: ba a buɗewa sai ranar ta zo.

To, ranar ce ba ta zuwa! Wuta ta ɗauke kwana uku, ya ce, "Wannan ai wasa ne." Yaro ya kwana da zazzaɓi, ya ce, "Kantin magani a buɗe yake, ƙafata lafiya lau." Sau ɗaya a shekara, gab da damina, yake buɗewa ya duba komai ya mayar.

Mama ba mai gardama ba ce, amma ba a yi mata wayo a ɗakinta. Wata rana Malam na barcin rana ta zare makullin, ta kai wa mai yankan makulli, ta dawo ta mayar. Shekara goma sha tara ke nan. Maƙwabciya na naƙuda babu wuta, tocila ta fita. Ɗan wani ya yanke, bandeji ya fita. Kafin ranar dubawa duk ta sayo ta cike gurbi. Shi kuwa bawan Allah sai ya je rumfa yana fahariya: "Batirina shekara goma bai mutu ba. Ajiya ma ilimi ce!" In ya faɗi haka a gida, Mama ta sunkuyar da kai ta ci gaba da tsintar shinkafa.

Bana ne abin ya kwaɓe. Maƙwabciyarsu mai ɗinki, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara uku, gara ta cinye katakon ɗakinta na baya, rufin ya rufta. Mama ta shiga ta ga yaran kwance, sama a buɗe, ta dawo ta ɗauko tamfol. Saura mako uku a duba akwati, ta ce kafin nan Allah zai kawo yadda za a yi. Amma tamfol ba batir ba ne da za a saya da canjin cefane. Kullum ta kalli akwatin gabanta ya faɗi, don ta san in Malam ya gane, ba tamfol kaɗai za ta rasa ba, har da makullinta.

Ruwa bai jira mako uku ba. Wata Talata bayan la'asar gari ya yi baƙi ƙirin, iska ta taso kamar da gayya. Mama na kwashe shanya ta ji ƙara a bisa kanta, ta ɗaga ido ta ga kwano biyu na ɗakinsu sun yi sama. Kafin ta gama salati ruwa ya fara dukan katifa.

Sai ga Malam ya shigo da gudu, jiƙe sharkaf, silifas a hannu. Wallahi fuskarsa har da ɗan annuri. "Yau ce ranar!" ya ce. "Mama, matsa, yau za ki ga amfanin tamfol."

Ta tsaya a gaban akwatin. "Malam, babu tamfol."

"Kamar yaya babu?"

"Yana kan ɗakin mai ɗinki. Ni na ba ta. Ina da makulli."

Ya durƙusa ya buɗe, ya ɗaga kwalbar magani ya karanta kwanan watan, ya juya batir a hannu. Duk na bana. Ya ɗauki igiya da guduma ya fice cikin ruwa.

Mama ta zauna a bakin gado. A ranta ta ce, ya tafi ya yaye tamfol daga kan marayu, da wane ido za ta ƙara kallon mai ɗinki? Ta tashi ta jingine katifa a bango, ta jera bokiti da tukwane da roba, hawaye da ruwan sama duk a fuska ɗaya.

Ya jima kafin ya dawo, hannu babu komai, gwiwar wando a yage.

"Wa ya ɗaura tamfol ɗin nan?" ya ce cikin faɗa.

"Ni da ita."

"Ɗaurin banza! Da ban je ba da yanzu yana wata unguwa. Ana ɗaura tamfol da tsumman ɗinki?"

Ya nemi kusurwar da ba ta yoyo, ɗan wurin da bai wuce tabarma ba, suka rakuɓe su biyu suna kallon ruwa na cika tukwane. Can ya ce, "Shekara nawa kina da makullin?"

"Goma sha tara."

"Ni kuma ina can ina cika wa mutane baki da batir." Ya girgiza kai, dariya ta so ƙwace masa, sai kuma ta tsaya. Muryarsa ta yi ƙasa. "Amma Mama, me ya hana ki tambaye ni? Kin zaci zan hana?"

Ta so ta yi masa ƙarya, don tana sonsa kuma ta ga tambayar ta fi ruwan yi masa sanyi. Amma ta gaji da ɓoyo.

"E, Malam. Na zaci za ka hana."

Ya ɗaga kai ya kalli inda kwanon ya tashi.

"Da gaskiyarki," ya ce. "Da na hana. Da na ce ba ranar ba ce." Ya share fuska da tafin hannu. "Ƙaramar cikin yaran, mai ɗinki ta ce mini kwana biyu tana tari. Na same ta a ƙarƙashin tamfol, ko ɗigo bai taɓa ta ba."

Wani sabon yoyo ya ɓalle daidai kafaɗar Mama. Malam ya jawo ta cikin kusurwar, shi ya koma wurin da take.