Hagun Malam a Hanyar Ɗa'ifa

Ɗana ya yanke wa motar ubansa ƙafafu, kuma har yau ban yafe ba. Tsohuwar motar Amurka ce, doguwa kamar kwale-kwale, da ita Malam, maigidana, ya yi jigilar kayan 'yan kasuwa ya ciyar da mu. Yaron ya are ta kwana biyu, ya kai ta gareji aka datse mata sifirin, ta dawo tana jan ciki kamar kada. Wai haka samarin Jidda ke yayi.

Mun tashi da asuba daga unguwarmu Hindawiyya a Jidda, ni da Malam, za mu Ɗa'ifa duba ƙanwata da aka yi wa aikin ido. Kafin mu fita unguwa cikin motar ya goge tudun rage gudu har na ji a haƙorana. A Bahra muka tsaya muka karya da wake ful da burodin tamis mai zafi, riyal biyar ya ƙosar da mu, har da shayi.

Da muka hau babban titin Makka sai sitiyari ya fara rawa. Ni sai da na aurar da 'yata ta fari na shiga makarantar manya, saboda haka duk lambar da na gani sai na karanta ta. Na zuba wa allurar gudu ido. In ta kai casa'in rawa ta fara, in ta wuce ɗari ta lafa. Banda rawar, motar tana zamewa dama a hankali, Malam ya dawo da ita, ta sake zamewa.

"Malam, motar nan tana ja."

"Titin ne ya karkata, Hajiya."

"Titin Makka ne zai karkata yau don mu?"

Ya sake dawo da motar kan layi. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

Hawan dutsen Hada ba wasa ba ne. Kwana bisa kwana, rami a gefe, birai jere a kan katanga suna jiran ayaba kamar masu karɓar haraji. Iska ta yi sanyi, amma ban ji daɗinta ba, ina ta salati har muka kai.

Ƙanwata ta warware, ta sa aka dafa mana saliƙ, shinkafar madara da kaza. Rumman da inabi kuwa a Ɗa'ifa arha kamar a ce ɗauki. Bayan azahar na ce ba zan sake shiga motar nan ba sai an duba ta. Mijin ƙanwata ya kwatanta mana garejin wani dattijo mutumin Damagaram.

Bakaniken ya tambayi Malam yaushe rawar ke farawa, ni na riga Malam faɗa. Ya ɗaga motar a jak, ya girgiza kowace tayar gaba sama da ƙasa, hagu da dama. Ya kira ni na shafa gefen ciki na tayoyin, sun cinye sumul, wajen kuwa da sauran zane. Ya ce in aka datse sifirin taya takan kwanta ciki, ta riƙa tafiya a kan gefe ɗaya. Ya nuna min gurbin 'yar dalmar da ake maƙalawa a rim, ƙarfen taya, don daidaita nauyi, ta faɗi, shi ne rawar. Ya sa tayoyi masu sauran rai, ya mayar da dalma, ya yi mata mizani, wato ya saita fuskar tayoyin.

Sannan ya ja motar gwaji, Malam a gefensa, ni a baya. A miƙaƙƙen titi ya saki sitiyari gaba ɗaya. Motar ta tafi ɗoɗar. Ya ba Malam tuƙi. Ba mu yi nisa ba ta fara zamewa dama.

Da Malam ya shiga alwala, dattijon ya matso ya rage murya.

"Hajiya, rawa ta mota ce, mun gama da ita. Ja kuwa, a hannuna ba ta ja. Ki duba wanda ke riƙe da ita."

Washegari na ce hanyar Hada tana sa ni jiri, mu bi ta Sail, ta fi tsawo amma ba ta da gangara irin waccan. Ya yarda da sauri. Duk hanyar ban kalli duwatsu ba, hannayensa na kalla. Na dama ya damƙe sitiyari har jijiya ta fito. Na hagu ɗora shi kawai aka yi, lokaci-lokaci ya sulale ya faɗa cinya, ya mayar da shi a ɓoye.

Da la'asar muka iso ƙofar gida. Ya kashe mota, na hana shi fita. Na miƙa hannu na kamo hagunsa.

"Matse."

Ya matse. Jaririn goye ya fi haka ƙarfi.

"Tun yaushe?"

"Tun bayan ƙaramar salla." Ya kalli titi. "In kafili, Balaraben da nake aiki a ƙarƙashinsa, ya ji, zai karɓe aikin. Ke kuma wa zai riƙa kai ki unguwa?"

Na so in yi masa faɗa, sai na fasa. Na riƙe hannun kawai.

Abin da tafiyar nan ta koya min shi ne, mu ba ma ci da hagu, ba ma gaisawa da hagu, ba ma miƙa abu da hagu. Mutum zai iya rasa hagunsa a tsakiyar iyalinsa ba wanda ya lura, har matar da ke zuba masa tuwo kullum. Mata, ku riƙa duba hannun da ba a miƙo muku ba.

Da gari ya waye na ɗaure makullin motar a bakin gyalena, na fita titi na tsayar da tasi, na ce asibiti. Malam ya fito yana gunaguni. Na buɗe masa ƙofar baya, na zagaya na zauna ta hagunsa.