Pil Mai Caji Nake So

"Ɗauki waɗannan, 'yata, masu caji na mafarauta ne," in ji mai shago a unguwar Gare, yana turo min pil, wato batir, irin wanda ake yarwa.

Ni da ko gaisuwa sai na sunkuyar da kai, na mayar masa da abinsa.

Bara a gonar kakata a Kolokondé, irinsu suka mutu a rediyona daidai lokacin da saurayin labarin da nake sauraro zai faɗa wa budurwar abin da ke ransa. Har yau ban san me ya ce ba.

"Tonton, waɗanda farantin sola zai cika nake so," na ce, na kuma faɗa masa abin da ya faru bara.

"Duk saboda tatsuniya?"

"E, saboda ita."

Da masu cajin na fito.

Ku fa, wa ya taɓa raina muku abin da kuke so?