Ramin Ƙofar Gidan Su Jagora

A layin ana kiransa Jagora, shi kuwa har wani buɗe ƙirji yake idan ya ji sunan. Ya haura arba'in bai taɓa riƙe sana'a ba. An kai shi walda, ya ce tartsatsi na sa shi ciwon kai. An kai shi tuƙi, ya ce kujerar mota na taɓa masa baya. Da ƙanwarsa ta makance tana budurwa, sai gogan naka ya sami aikin da ya dace da shi: riƙe mata bakin sanda.

Ita ce mai sana'ar. Kujerun roba take saƙawa a wani shago can ƙarshen layi. Kullum shi ke gaba, sandar a sama, ba ya bari ta taɓa ƙasa, yana ɗaga murya don mazauna teburin mai shayi su ji: "A hankali ƙanwata, ga rami!" Su ce Allah ya yi masa albarka. Da wannan albarkar yake ci, da ita yake ƙin aiki.

A da akwai ramin. Masu gyaran famfo ne suka haƙa shi a ƙofar gidan, kuma tuni suka cike abinsu. Jagora bai ga dalilin gaya mata ba. Kullum sai ya ja ta sun zagaye shafaffiyar ƙasa, har da ɗan nishinsa, ko kunya babu. Ta sha cewa, "Yaya, bari in gwada zuwa ni kaɗai."

"Ki faɗa ki karye, a ce ina nake?"

Ana haka abokiyar aikinta, ita ma makauniya, ta sa mata wata manhaja a waya, irin mai ƙirƙirarriyar basirar nan. Ka nuna mata wuri, ta faɗa maka abin da ke gabanka da Hausa. Jagora ya taɓe baki ya ce ƙarya ce fal cikinta, ga cin caji.

Da safe suka fito, ta tsaya a bakin ƙofa ta ɗaga wayar.

Wayar ta ce, "Hanya ce shimfiɗaɗɗiya, babu rami. Akwai mutum a gabanki, ya ɗora yatsa a baki yana kallon wasu mutane da ke zaune."

Mazauna teburin, waɗanda shekara da shekaru suna kallon ana zagaye ramin da babu, kowa ya tsoma ido a kofinsa.

Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Yaya, sakar min sandata."

Ya saki. Ta ƙwanƙwasa ƙasa, ta ji ta da tauri, ta taka ta wuce ta tsakiya.

Ya ɗaga murya a bayanta: "To ni kuma fa?"

Ba ta juyo ba. Ta ce, "Ai kai kana gani, Yaya. Nemi hanyarka."