Bazarar da Baba Ya Binne Tukwane

Wata Alhamis ce a tsakiyar bazara, shekarar da na shiga aji huɗu na firamare a Illela. Na taso daga makaranta maƙogwarona a bushe, ina shiga gida na tarar da Baba ya sare gwandar da Inna ta shuka a bakin rijiya, ya cire riga yana haƙa ramuka a tsakar gida. Gefensa ga tukwanen ƙasa sababbi jere, waɗanda ya ɗauko a amalanke daga Kwanni ta Nijar, inda yake tsallakawa fataucin albasa. Inna na tsaye da muciya a hannu tana cewa, "Malam, mi kaka yi haka? Rijiya ta ƙahe, kai kuma kana gina ma tukwane kabari?" Baba ya ci gaba da haƙa. Ya saka tukunya a rami har wuya, ya mayar da ƙasa, ya cika ta da ruwa, ya rufe bakin da kasko.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ruwan. A shekarar nan guganmu laka yake fitowa da ita, ni da yayata Rabi sai mun je bayan gari da jarka a kai kafin a ɗora sanwa. Kuma ga Baba yana zuba ruwa a cikin ƙasa inda ba wanda zai sha. Ya shuka zogale da yakuwa da barkono kewaye da kowace tukunya, ya rufe wurin da karan gero da busasshen kashin shanu da ya roƙo a rugar Fulani ta hanyar Amarawa. Sai ya kafa dokoki. Alwala a kan kwano za a yi, ruwan wankin gero ba a zubarwa, duka na tukwane ne. Amma ranar da na ga ganyen barkono ya yi laushi na watsa masa ruwa da rana, tsawa ya daka mini: "Dije, rana kika ba, ba icce ba!" Na tsaya da buta a hannu ina tunanin yadda rana take shan ruwa.

Magana ta fita unguwa. A wurin gaɗa da carafke yara suka sa mini suna 'yar mai binne tukwane. Wata ta rantse asiri ne na neman kasuwa, wata ta ce kan Baba ne ya taɓu. Na rasa wadda zan ƙaryata, don ni ma ina buɗe kasko in ga ruwa ya ragu, alhali saman ƙasar a bushe yake ƙamas. Na tambayi Baba inda yake tafiya, ya ce, "Yana inda aka bukatatai." Amsar ba ta ƙara mini komai ba.

Inna kuwa ta daina yi masa magana sai ta dole, har ta ce idan aka ƙara taɓa ruwan randarta za ta kwashe mu mu koma gidan iyayenta. Tumatir ɗin da ya gwada duk ya mutu, ta yi ta nanata masa. Shi ya sa na kusa sakin tsintsiya wata safiya da na fito shara na gan ta a durƙushe tana tsiyaya ruwan wankin shinkafa cikin tukunyar yakuwa, tana gyara karan da kaji suka tone. Ta ɗago ta harare ni. "Don miyata nika yi, ba don shi ba." Da yamma kuma na ji ta tana faɗa wa maƙwabciya cewa aikin banza ne.

Kafin ruwan farko ya sauka, yakuwarmu kaɗai ke da ganye a layin. Matan da 'ya'yansu suka sa mini suna suka riƙa aiko su da kwano. Da damina ta kankama Baba ya tono tukunya ɗaya da ta tsage, sai ga saiwoyi farare sun naɗe ta ko'ina kamar gashi. Ya miƙo mini ya koma aikinsa, ni kuma na yi ta juya ta ina mamakin wanda ya gaya musu akwai ruwa a ciki.

Yanzu an haƙa burtsatse a gidan, an shafe tsakar gida da siminti, tanki yana cika ya yi ta zuba ba mai waiwaya, ganyen miya kuwa daga kasuwa ake kawowa. Baba ya rasu ban tambaye shi inda ya koyo dabarar ba, Inna ma har ta bi shi ba ta taɓa cewa ya yi daidai ba. Ruwa ya wadata a gidan, inuwa ce babu.