Mai Duban Hadari da Rani

Duk ranar kasuwar garin Isa, Mardiyya mai fura tana ganin wani dattijon makiyayi a gefen tasha, shi kaɗai, sanda bisa gwiwa, ido a sama. Mutanen ƙauyensu, Gangara, sun ce wani abu mai walƙiya ya taɓa tsayawa bisa garkensa, ba fiffike, ba ƙara. Su daga nesa suka hango, shi ne ya gani kusa. Sai jami'an leƙen asirin soja suka zo, suka karɓe wayarsa, suka sa shi ya dafa Alƙur'ani kan zai yi shiru. Wataƙila ko matarsa bai faɗa wa ba.

Yau ta miƙa masa fura.

"Baffa, mi kaka duba?"

Ya karɓi furar.

"Hadari, ɗiyata."

Tsakiyar rani ce, ko gajimare babu.